Sandarewar Kafaɗa: Cutar da Maganinta Yake Bin Zangonta

Mafi yawan waɗanda sandarewar kafaɗa ta kama ba sa iya nuna ranar da ta fara. Ba su faɗi ba, ba su ɗauki wani kaya mai nauyi ba, sai dai kawai su soma jin wani ciwo can cikin kafaɗa wanda yake gangarowa zuwa tsakiyar damtse, yana tsananta da dare har ya hana kwanciya a kan wannan ɓarin. Bayan wasu makonni sai hannu ya fara ƙin zuwa inda ya saba zuwa: sanya riga ya zama aiki, kai hannu bayan jiki ya gagara, ɗauko abu daga wuri mai tsayi kuma sai an ɗaga dukan ɓarin jikin. Idan mutum ya manta ya miƙa hannu da sauri, alal misali don ya tare wani abu da zai faɗi, zafin da yake ratsa shi yakan sa ya dafe wurin ya tsaya cik har ya lafa.

Wannan larura ba baƙuwa ba ce ga likitoci. Ƙididdigar da aka fi ambata ita ce tana kama kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na mutane a wani lokaci na rayuwarsu, galibi tsakanin shekara 40 zuwa 60, kuma ta fi yawa ga mata. Abin da ya sa ta cancanci dogon bayani shi ne yadda ake yawan kuskure wajen tafiyar da ita, ta fuska biyu masu karo da juna. Wani majinyacin a ce masa ya yi haƙuri za ta warke da kanta, a bar shi da watanni na rashin barci. Wani kuma a dinga ja da murɗa masa hannu da ƙarfi da sunan gashi, alhali kafaɗar tana tsakiyar kumburi, sai ciwon ya ƙaru. Kurakuran biyu tushensu ɗaya ne, wato rashin lura da cewa cutar tana sauya kama a tsawon tafiyarta, kuma abin da yake magani a wata na 3 ba lalle ne ya amfana a wata na 12 ba.

Kafaɗa ta fi kowace gaɓa a jikin ɗan Adam sakewa wajen motsi. Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne, yana zaune a cikin wani ɗan gurbi mara zurfi a gefen allon kafaɗa, kuma saboda rashin zurfin gurbin, nauyin riƙe gaɓar ya rataya a kan tsokoki da jijiyoyi, tare da wata jaka ta tantani mai ƙarfi da ta lulluɓe mahaɗar gaba ɗaya. A lafiyayyar kafaɗa jakar nan tana da yalwa, har da wani ninki a ƙasa ta wajen hamata wanda yake warwarewa idan an ɗaga hannu, kamar hamatar riga mai faɗi. Idan sandarewa ta shiga, jakar ce take kumbura, ta yi kauri, ta tsuke, ninkin ya ɓace. Gaɓar da take iya ɗaukar ruwa kusan mililita 25 zuwa 30 sai ta koma ba ta ɗaukar fiye da 5 zuwa 10. Ƙashin lafiyarsa ƙalau, guringuntsin da ke kansa ma haka, tsokokin kuma ba su yage ba. Fili ne kawai ya ƙare wa gaɓar.

An daɗe kafin a kai ga wannan fahimta. A shekarar 1872 wani likitan tiyata a Faransa, Simon-Emmanuel Duplay, ya bayyana larurar, amma ya ɗora laifin a kan kumburin naman da ke kewaye da gaɓar. A 1934 Ernest Codman na birnin Boston a Amurka ya ba ta sunan da ya bi ta har yau, mai ma'anar daskararriyar kafaɗa, ya kuma amsa cewa cuta ce mai wuyar fayyacewa, mai wuyar magani, mai wuyar bayani. Sai a 1945 Julius Neviaser, bayan ya buɗe irin waɗannan kafaɗu a tiyata, ya nuna cewa jakar gaɓar ce tushen matsalar. Shi ya ɗauka jakar tana manne wa kan ƙashi ne, amma da aka samu na'urar leƙa cikin gaɓa da ƙaramar kyamara sai aka ga ba mannewa ba ce, takurewa ce. A 1995 Bunker da Anthony a Ingila suka duba naman da aka yanko daga gaban jakar a ƙarƙashin madubin likita, suka tarar yana cike da irin ƙwayoyin halittar da suke saƙa tabo su kuma ja shi ya tsuke, daidai da abin da ake gani a cutar Dupuytren, wadda take lanƙwashe yatsu zuwa cikin tafin hannu. Wurin da ya fi shan wannan sauyi shi ne gaban jakar ta sama, inda wata jijiya mai haɗa allon kafaɗa da ƙashin damtse take yin kauri ta gajarta. Wannan jijiya ita ce take taƙaita juya hannu zuwa waje, kuma shi ya sa wannan motsin ne yake fara ɓacewa, shi ne kuma yake jinkirin dawowa.

Saboda haka abubuwa biyu ne suke faruwa, ɗaya bayan ɗaya, ko da yake suna shiga cikin juna: kumburi da farko, sannan tabo. Kumburin shi ne mai zafin, tabon shi ne mai riƙewar. Duk wata shawara ta magani da za a yanke tana komawa ga tambaya ɗaya, wato wanne ne daga cikin biyun ya fi rinjaye a wannan kafaɗar a yau.

Game da wanda take kamawa, babu abin da ya kai ciwon sukari muhimmanci. Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya haɗa sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa mai ciwon sukari ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau 5 wajen yiwuwar kamuwa, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na masu sandarewar kafaɗa suna da ciwon sukari. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa sukarin da ya daɗe da yawa a jini yana liƙe wa zaren kolajin, wanda da shi aka gina jakar gaɓa, ya sa shi ya yi tauri ya rasa taushinsa. A wurin masu sukari cutar ta fi tsanani, ta fi daɗewa, ta fi kama kafaɗu biyu, kuma ta fi taurin kai ga magani. A ganina duk wanda aka tabbatar yana da sandarewar kafaɗa, kuma bai san matsayin sukarinsa ba, ya kamata a auna masa kafin ya bar asibiti, domin ba sau ɗaya ba ciwon kafaɗar ne yake fara tona ciwon sukarin da ya daɗe a ɓoye. Bayan sukari akwai matsalar ƙwayar tayirod da ke wuya, ko ta yi aiki fiye da kima ko ƙasa da kima, da cutar Parkinson mai sa jiki karkarwa, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma rukunin da sandarewar take biyo bayan wani abu sananne, kamar karayar hannu, ko tiyatar nono ko ta ƙirji, ko duk wani dalili da ya sa aka rataye hannu na tsawon makonni ba ya motsi. Sauran, waɗanda su ne masu yawa, tana zo musu ne ba tare da wani sanadi na zahiri ba.

Rabon cutar zuwa zango uku ya shahara ne daga aikin Reeves na 1975, wanda ya bi majinyata na tsawon shekaru ya ga yadda suka ƙare. Zangon farko na zafi ne, yana ɗaukar kimanin wata 2 zuwa 9, ciwo yana ƙaruwa, motsi yana raguwa a hankali, kuma dare shi ne mafi wahala. Zango na biyu na riƙewa ne, kimanin wata 4 zuwa 12, inda zafin yake lafawa ya koma sai an kai hannu iyakarsa, amma kafaɗar ta ƙage sosai. Zango na uku na saki ne, motsi yana dawowa kaɗan-kaɗan, kuma yana iya ɗaukar shekara 1 zuwa fiye da 3. A majinyatan Reeves, matsakaicin tsawon tafiyar gaba ɗaya ya kai kusan wata 30. Bai kamata a ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin jadawalin da kowace kafaɗa za ta bi ba, domin zangunan suna cuɗanya, shi ya sa likitoci da yawa yanzu suka taƙaita rabon zuwa biyu: lokacin da zafi ya fi riƙewa, da lokacin da riƙewa ta fi zafi. Wannan rabon ya fi amfani a ɗakin duba majinyaci, domin ana iya gane shi da tambayoyi kaɗan: Kana iya barci? Tana maka ciwo ko kana zaune ba ka motsa ta ba? Ko sai ka kai hannu ƙarshensa?

Gane cutar aikin hannu ne da ido, kafin a kai ga kowace na'ura. Likita zai sa majinyaci ya manna gwiwar hannunsa a jikin haƙarƙari, ya lanƙwasa ta, ya saki jiki, sannan likitan da kansa ya juya hannun zuwa waje. A lafiyayyar kafaɗa hannun yana buɗewa sosai. A sandararriya yana tsayawa da wuri, sau da yawa bai kai rabin na ɗaya ɓarin ba, kuma tsayawar tana da tauri, ba irin ta mai jin tsoron zafi ba. Muhimmancin wannan gwaji shi ne likita ne yake motsa hannun. Wanda jijiyar tsokar kafaɗarsa ta yage ba ya iya ɗaga hannu da kansa, amma idan wani ya ɗaga masa zai tafi. A sandarewa kuwa, ko wa ya ɗaga, hannun ba ya wuce inda jakar ta tsaya. Abubuwa kaɗan ne suke hana wannan juyawa zuwa waje ko da wani ne ya juya: sandarewa, da zaizayewar guringuntsin gaɓa, da gocewar kan ƙashi zuwa baya wadda ta maƙale, irin wadda takan biyo bayan farfaɗiya ko jan wutar lantarki. Hoton ƙashi na yau da kullum yana raba su, kuma wannan shi ne amfaninsa a nan, domin a sandarewa hoton yana fitowa lafiya. Hoton MRI ba dole ba ne ga mafi yawan majinyata, har ma yana iya kawo ruɗu, saboda a mutanen da suka haura shekara 50 ana yawan ganin 'yan ƙananan yagewa a jijiyoyin kafaɗa waɗanda ba su ne suke kawo ciwon ba, sai hankali ya koma kansu a manta da jakar.

Akwai alamomin da suke nuna cewa lamarin ya wuce sandarewa, kuma ba a jira da su. Zazzaɓi tare da kumburi da ɗumin gaɓa yana iya zama ƙwayoyin cuta ne suka shiga cikinta. Ramewa ba dalili, ko tarihin cutar daji, ko tari mai daɗewa ga mai shan taba, suna buƙatar bincike na daban. Ciwon kafaɗar hagu da ya zo tare da nauyin ƙirji, da gumi, da sarƙewar numfashi, maganar zuciya ce ta gaggawa. Ciwon da yake sauka har yatsu da jin dindiris galibi daga wuya yake. Mai cutar sikila kuma, idan kafaɗarsa ta riƙe, sai an tabbatar ba mutuwar kan ƙashin damtse ba ce sakamakon toshewar hanyar jini.

To, shin gaskiya ne cewa tana warkewa da kanta? Codman ne ya rubuta cewa ko mafi taurin kai daga cikinta tana saki cikin kimanin shekara 2, da magani ko babu, kuma maganar ta bi littattafan koyar da likitoci shekara da shekaru. Akwai gaskiya a cikinta, amma ba cikakkiya ba. Wani bincike da aka yi a Oxford, aka wallafa a 2008, ya bi majinyata sama da 200 na tsawon fiye da shekara 4 a matsakaici, ya tarar kashi 59 cikin 100 kafaɗarsu ta dawo daidai ko kusa da daidai, kashi 41 kuma suna da sauran alamomi, duk da cewa mafi yawansu masu sauƙi ne. Waɗanda ciwonsu ya fi tsanani tun farko su ne suka fi ƙarewa da saura. Wani nazarin na 2017 da ya sake duba binciken da aka yi a baya bai samu hujja mai ƙarfi da ke nuna cewa cutar tana bin zangunan nan har ta warke sarai ba tare da magani ba. Ko da ma a ce tana warkewa, shekara 2 ba ƙaramin lokaci ba ne ga wanda yake ci da hannunsa, ko uwar da ba ta iya ɗaga ɗanta, ko wanda ya yi wata 6 bai samu barcin kirki ba. Faɗa wa majinyaci cewa cutar ba ta kisa, ba ta lalata gaɓa, kuma mafi yawa suna samun sauƙi, magana ce ta gaskiya mai kwantar da hankali, kuma wajibi ne a faɗe ta. Kuskuren shi ne a tsaya a nan a sallame shi.

A lokacin da zafi ya rinjaya, manufa ita ce a kashe kumburi a dawo da barci. Ana farawa da farasitamol da magungunan rage kumburi irin su ibufurofin, nafurozin ko dikulofenak. Suna rage raɗaɗi, amma ba sa gajarta cutar, kuma shan su na tsawon watanni ba tare da kulawar likita ba yana da haɗari ga mai gyambon ciki, da mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, kuma mai sukari yana cikin waɗanda ƙodarsu take buƙatar kiyayewa tun asali. Ƙwayoyin sitiroyid na sha, wato magani mai ƙarfi na rage kumburi, kamar firedinisolon, an gwada su a Ostareliya a 2004 na tsawon mako 3, suka kawo sauƙi na gaske, amma bayan mako 6 bambancin ya ɓace. Saboda illarsu ga dukan jiki, ba su ne zaɓin farko ba.

Abin da hujja ta fi goyon baya a wannan zango shi ne allurar sitiroyid a cikin gaɓar kanta, galibi tirayamsinolon ko metilfiredinisolon haɗe da maganin kashe zafi. Wani babban nazari na 2020 da ya tattara gwaje-gwaje 65 masu ɗauke da majinyata sama da 4,000 ya nuna cewa wannan allura ita ce ta fi sauran hanyoyin rage zafi da gyara aikin hannu a makonnin farko, kuma marubutansa sun ba da shawarar a yi ta da wuri ga wanda cutarsa ba ta kai shekara 1 ba, a haɗa da atisayen gida. Dalilin a fili yake: sitiroyid maganin kumburi ne, ba ya narkar da tabon da ya riga ya kafu, don haka allurar da aka yi a wata na 3 tana samun abin da za ta yi aiki a kansa, wadda aka jinkirta zuwa wata na 14 kuwa ta tarar aikin ya wuce ta. A nan ne nake ganin an fi yi wa majinyata asara, domin sau da yawa ana ajiye allurar a matsayin matakin ƙarshe bayan an gaji da komai, alhali lokacin amfaninta a farko yake. Tana da nata sharuɗɗa. Dole ne ta shiga cikin jakar, shi ya sa yin ta da jagorancin na'urar sikanin ya fi tabbas inda akwai hali. Ciwon yana iya ƙaruwa na kwana 1 ko 2 kafin ya sauka. Shigar ƙwayoyin cuta abu ne mai wuya, amma yana da muni idan ya faru, don haka tsafta ba abin sassauci ba ce. Ba a maimaita ta barkatai. Likitoci da yawa ba sa wuce 3 a kafaɗa ɗaya. Mai ciwon sukari kuma ya sani cewa sukarinsa zai hau na wasu kwanaki bayan allurar, ya dinga aunawa, kuma idan sukarin ya riga ya yi sama sosai, gara a fara daidaita shi.

Maganar gashi da atisaye ita ce ta fi buƙatar natsuwa. A 2004 Diercks da Stevens a ƙasar Holan suka kwatanta rukuni biyu na majinyata 77. Rukuni ɗaya aka yi musu bayani, aka ba su atisaye mai sauƙi wanda ba ya ƙetare iyakar zafi. Ɗaya rukunin aka yi musu miƙa da ja mai ƙarfi har ya wuce iyakar zafin. Bayan shekara 2, kashi 89 cikin 100 na rukunin farko kafaɗarsu ta dawo daidai ko kusa da haka, na rukuni na biyu kuwa kashi 63 ne. Binciken ba babba ba ne, kuma ba ta hanyar ƙuri'a aka raba majinyatan ba, amma darasinsa ya dace da abin da aka sani game da naman da ke kumbure: idan aka tsananta masa ja, ƙara kumbura yake yi, kumburi kuma shi ne yake haifar da tabo. Wannan ba ya nufin aikin likitan fisiyo, wato likitan gashi da atisaye, ba shi da amfani. Yana nufin ƙwarewarsa tana cikin sanin yawan jan da kafaɗar za ta ɗauka a wannan makon. A zangon zafi, abin da ake so shi ne motsi mai laushi: mutum ya sunkuya ya dafa tebur da lafiyayyen hannu, ya saki mai ciwon yana lilo a hankali; ko ya zauna ya zame tafin hannu a kan tebur zuwa gaba; ya ɗumama wurin kafin ya fara; da dare ya kwanta a kan lafiyayyen ɓari ya rungumi matashi don hannun ya samu madogara. Rataye hannu a majanyi duk yini kuwa ƙara riƙe shi yake yi.

Idan zafi ya sauka, riƙewa ce ta saura, lissafin yana juyawa. Yanzu jakar tana buƙatar miƙa, kuma tana iya ɗauka. Ana hawa bango da yatsu, ana tura hannu zuwa waje da sanda yayin da gwiwar hannu take manne da jiki, ana jan tawul ta bayan jiki, ana riƙe kowace miƙa na wasu daƙiƙoƙi a maimaita sau da yawa a rana. Ma'aunin da yake da sauƙin riƙewa shi ne: jin ja da ɗan zafi lokacin atisaye ba laifi ba ne, amma idan ciwon ya wuni ko ya hana barci a daren, an wuce gona da iri. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako, kuma ci gaban da ake samu a wata ake auna shi, domin wanda yake dubawa kowace safiya zai ɗauka ba ya motsawa. Daga baya sai a ƙara da ƙarfafa tsokokin da suka yi rauni saboda daɗewa ba aiki.

Tsakanin allura da tiyata akwai wata hanya da Andren da Lundberg suka fara bayyanawa a 1965, wato a cika gaɓar da ruwan gishiri na asibiti, haɗe da sitiroyid da maganin kashe zafi, har jakar ta buɗe da ƙarfin ruwan. Ana yin ta ba tare da sa majinyaci barci ba, kuma tana kawo sauƙi na kusa ga mutane da yawa. Gwaje-gwajen da suka kwatanta ta da allurar sitiroyid zalla sun ba da sakamako mabambanta, wasu sun ga ƙarin motsi kaɗan, wasu ba su ga bambanci mai yawa ba. Akwai kuma allurar da take kashe, na ɗan lokaci, jijiyar da ke kai saƙon zafi daga kafaɗa, wadda take wucewa ta saman allon kafaɗa, ga wanda zafi ya hana shi komai.

Tiyata iri biyu ce. Ta farko ba yanka a cikinta: ana sa majinyaci barci, likita ya motsa hannun bisa tsari har jakar ta yage ta saki. Ta biyu ana shiga da ƙaramar kyamara ta 'yan ƙananan huji, a yanke sassan jakar da suka yi kauri ana gani. An daɗe ana gardama a kan wadda ta fi, har aka gudanar da gwajin UK FROST a asibitoci 35 na Birtaniya, aka wallafa shi a mujallar The Lancet a 2020. An raba majinyata 503 ta hanyar ƙuri'a zuwa rukuni uku: masu motsawa cikin barci, masu yanka da kyamara, da masu allurar sitiroyid haɗe da tsararren atisaye ƙarƙashin likitan fisiyo. Bayan wata 12 dukan rukunan sun samu sauƙi mai yawa, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai kai girman da majinyaci zai ji a jikinsa ba. Yanka da kyamara ya fi rage buƙatar ƙarin magani daga baya, amma shi ne ya fi kawo matsaloli masu tsanani kuma ya fi tsada. Motsawa cikin barci ita ce ta fi dacewa idan aka auna amfani da kuɗin da aka kashe a tsarin lafiyar Birtaniya. Rukunin allura da atisaye sun fi saurin samun kulawa, ba su shiga haɗarin tiyata ba, sai dai wasu daga cikinsu sun buƙaci ƙarin mataki daga baya.

Abin da na fahimta daga wannan sakamako shi ne babu hujjar gaggauta kowa zuwa ɗakin tiyata, kuma babu hujjar hana ta ga wanda ya yi watanni yana bin allura da atisaye yadda ya kamata amma kafaɗar ta ƙi saki har ta hana shi sana'arsa. Zaɓi tsakanin hanyoyin biyu yana bin jikin majinyaci. Motsawa cikin barci tana ɗauke da haɗarin karayar ƙashin damtse, ko gocewar gaɓa, ko yagewar jijiya, don haka ba ta dace da mai raunin ƙashi ba, ko wanda sandarewarsa ta biyo bayan karaya ko wata tiyata. Irin waɗannan, da wasu masu sukarin da tasu ta yi tauri ƙwarai, an fi karkata da su zuwa yanka da kyamara. Kowacce aka yi, atisaye yana farawa cikin kwanakin farko, domin jakar da aka buɗe tana iya sake tsukewa idan aka bar ta. Ya kamata kuma a fahimci cewa abin da likita yake yi a nan yana yin sa ne bayan ya ga hoton ƙashi, tsokoki sun saki saboda maganin barci, kuma yana bin motsin daki-daki. Fizgar sandararren hannu da ƙarfi ga mutumin da yake farke, tsokokinsa suna turjewa, hanya ce ta karya ƙashi.

Irin sandarewar da take biyo bayan rauni ita ce aka fi iya kaucewa. Wanda ya karye a wuyan hannu ko gwiwar hannu, ko aka yi masa tiyata a ƙirji, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ya kamata a nuna masa tun makon farko yadda zai dinga motsa kafaɗar gwargwadon abin da likitansa ya yarda, ko da sauran hannun yana ɗaure. Kafaɗar da ta yi sandarewa ta warke ba kasafai take sake yi ba, amma ɗaya kafaɗar tana iya kamuwa, galibi cikin shekara 5, kuma masu sukari sun fi fuskantar haka. Wanda ya taɓa yi, idan ya soma jin irin wancan ciwon dare a ɗaya ɓarin, ya gwada juya hannun zuwa waje ya kwatanta, ya kuma je a duba shi tun cikin watannin farko, lokacin da allura take da abin da za ta yi.